Sanin Ruwa: Gwanintar Matuƙan Yawuri da Tafkin Kainji

Baƙon da ya tsaya a bakin kogin Kwara a Yelwan Yawuri abu ɗaya yake gani, wato ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare. Matuƙin da ya tashi a wurin kuwa hanyoyi yake gani. Ya san inda jirgi zai bi shaƙe da buhunan shinkafa, ya san inda sai kwalekwale marar nauyi, ya kuma san inda ko kwalekwalen ma ba a kai shi sai mai neman fitina. Babu allon da aka kafa masa, babu fentin da aka shafa. Hanyar da ya bi a watan Janairu ma ba lalle ita zai bi a watan Yuni ba. Wannan sani na rarrabe ruwan da zai ɗauki jirgi da wanda zai ci jirgi yana cikin manyan gwanintar da ke ƙasar nan. Sai dai da yake masu shi ba su da takardar shaidar da za su rataya a bango, ba kasafai ake lissafa su cikin masana ba.

Mutanen ruwa a wannan yanki iri-iri ne. Akwai Sarkawa, waɗanda asalinsu ke komawa ga Sorko, masunta kuma matuƙan daular Songhai, da suka gangaro suka zauna a Kabi da Yawuri har bakinsu ya koma Hausa. Akwai Gungawa mutanen tsibirai, da Lopawa, da Kambarin bakin gulbi, ga Nufawa ta wajen kudu. A bikin Rigata na Yawuri da kabancin Argungu ne mutanen tudu ke ganinsu suna tsere da nutso, a tafa musu a watse. Alhali tseren shi ne mafi ƙanƙantar abin da suka iya. Ƙarfin damtse kowane saurayi yana da shi. Abin da ke cin shekaru kafin a samu shi ne sanin inda za a dosa da hancin jirgi.

Kafin 1968 kogin a nan mai rassa ne, yana ratsa tsibirai da duwatsu. An fara aikin madatsar Kainji a 1964, aka datse ruwan a 1968, ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130 daga madatsar har wajen Yelwa, faɗinsa a tsakiya ya haura kilomita 20. Tsohuwar Bussa ta nutse, mafi yawan tsibirin Foge ya nutse, aka tashi sama da mutum 40,000 aka sake musu matsuguni. Ƙasa ta sami wutar lantarki. Matuƙi kuwa an shafe masa kusan duk alamomin da ya gada kaka da kakanni cikin 'yan watanni.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka mayar da wannan asara ta zama ilimi. Mutumin da ya yi noma a wuri ya san inda tudu yake, ya san kwari, ya san inda ƙorama ke shiga kogi da inda kurmi ya yi duhu. Ruwa ya rufe ƙasar, amma bai fitar da ita daga kansa ba. Tsohon kwarin kogin yana nan a ƙasa, shi ne mafi zurfi, shi ne kuma babbar hanya. Tsofaffin gonaki da kufai kuwa ruwa ne marar zurfi mai cike da abin karo. Matuƙin da aka haifa bayan madatsar bai taɓa taka waɗannan gonaki ba, amma ya ji labarin kwanciyarsu a bakin waɗanda suka nome su. Sai ya riƙa daidaita kansa da abin da ya rage a waje. Zai ɗauki wata giginya a gaɓa da wani tsauni can bayanta. Muddin giginyar tana tsaye saitin ƙoƙon tsaunin, yana kan zurfi. Da ta fara zamewa dama ko hagu, ya san ruwa ko iska sun ture shi, sai ya gyara tun kafin ƙasan jirgi ya gaya masa. Matuƙan manyan jiragen teku ma da irin wannan saiti suke shiga tashoshi, sai dai su fitilu aka kafa musu.

Babban abokin gabarsa kututture ne. Ba a sare duk itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya hau. Itace kuma in ya nutse gaba ɗaya yakan daɗe bai ruɓe ba, domin iskar da ke taimaka wa ruɓa ba ta isa gare shi sosai. Inda yake ci shi ne sashen da ke jiƙewa yana bushewa kowace shekara. Saboda haka saman itacen yakan karye ya faɗi, gindin ya tsaya ƙyam da kai mai tsini dab da fuskar ruwa a lokacin da tafki ya ja. Shekara fiye da hamsin ke nan, har yanzu suna nan suna jira. Haka abin yake a tafkin Volta na Gana, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, inda kututture ya sha fasa jiragen fasinja.

Nan ne batun lokaci ya shigo, domin a Kainji tambayar ko wuri kaza yana da kyau ba ta da amsa sai an faɗi watan. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko ruwan daminar kusa ne, wanda gulbin Sakkwato da sauran koguna ke zubowa wajen Agusta zuwa Oktoba, mai laka, gauraye da ciyawa da itatuwan da ya tumɓuko, shi ake kira farin ruwa. Na biyu ruwan da aka yi ne can tsaunukan Gini, inda kogin ya faro. Yakan bazu a faffaɗar fadamar tsakiyar Mali ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ya zubar da lakarsa a can, ya wuce Yamai da Gaya, sannan ya iso Najeriya da sanyin hunturu yana garau. Shi ne baƙin ruwa. Tsakanin cikar tafkin da ƙarshen jansa kafin sabon ruwa ya iso, tsayin ruwan yakan sauka da kimanin mita 10. Mita 10 ya fi tsayin bene mai hawa biyu. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya lau a watan Fabrairu, shi ne zai huda masa ciki a watan Yuni. Kowane ruwa kuma da irin wahalarsa. A farin ruwa ido ba ya ratsa ko taƙi ɗaya, ga gungumen da ke yawo rabi a nutse. A baƙin ruwa ana ganin ƙasa a wurare marasa zurfi, amma hazo yana ɓoye gaɓar da ake saiti da ita.

To, abin da ba a gani a ƙasa ta yaya ake gane shi daga sama? Ruwa ba ya tsami banza, haka nan ba ya murɗawa banza. Inda kogi ke gudu, duk abin da ya tsaya masa a hanya sai ya bar shaida a fuskarsa. In ruwa ya tsage biyu, tsagin ya yi tsini ta wajen da ruwan ke fitowa ya buɗe ta wajen da yake tafiya, to a bakin tsinin nan akwai dutse ko kututture. In kuwa tsinin yana kallon inda ruwan ya dosa, santsi a tsakiya, kumfa a gefe da gefe, wannan ƙofa ce tsakanin duwatsu biyu, nan ake bi. Wanda ya rikita waɗannan biyun ya sayi jirgi sabo. Akwai kuma wani ɗan tudun ruwa mai sheƙi da ba ya gusawa, ruwa na hawa kansa yana gangarowa. Ga baƙo kyakkyawan wuri ne, shiru, babu kumfa. Ga matuƙi dutse ne da ruwa ya rufe da ƙyar.

A kwana, kogi yana cin gaɓar waje ne yana zuba yashi a ta ciki. Saboda haka zurfi yana wajen gaɓar da ta yi tsaye tana zaizaya, duk da ita ce ta fi ban tsoro a ido, ita kuwa gaɓar ciki mai shimfiɗaɗɗen rairayi da ke kiran mutum, nan jirgi ke kafewa. Amma ita ma ta wajen ba a manne mata, domin itatuwan da ruwa ya ci gindinsu nan suke faɗawa. Launi ma yana magana: inda ya yi duhu akwai zurfi, inda ya yi fatsi-fatsi yashi ya matso. Zalɓen da ke tsaye a tsakiyar ruwa ya riga ya auna maka wurin da ƙafarsa. Bado ba ya fitowa sai a ruwa mai kwanciya marar zurfi sosai. Burugu da kainuwa kuwa ko da zurfi a ƙarƙashinsu, farfela ba ta shiri da su, ga tarun masunta da mamari da ake shimfiɗawa a gefensu.

A dubi jirgin kasuwa lokacin da ya doshi wurin da matuƙi ke shakka. Zai sassauta inji tun da nisa. Yaron jirgi ya miƙe a gaba da doguwar gora, ya caka ya zare, ya caka ya zare, yana duban inda jiƙa ta tsaya a jikinta. Ba zurfi kaɗai gorar ke faɗa ba. In ta shiga da ɗan ƙaras-ƙaras yashi ne, in ta lume ta ƙi fitowa taɓo ne, in ta yi tsalle ta girgiza masa hannu dutse ne ko itace. "Baba, yashi ne, ya kai ƙirji," in ji yaron, ba tare da ya waiwayo ba. Dattijon bai amsa ba, ya ɗan karkata hannun inji kawai. Shi kansa yana sauraron wasu shaidun. Jirgi in ya shiga ruwa marar zurfi gindinsa yakan zauna, gudunsa ya ragu ko da ba a taɓa mai ba, muryar inji ta yi nauyi, igiyar ruwan da yake ja a baya ta taso ta yi tsayi. Ƙwararre yana jin wannan a tafin ƙafarsa kafin fasinja ya lura da komai. Fasinjojin ma galibi hirarsu suke ta farashin albasa, ba su san an wuce wani abu ba. Alamar gwani ke nan a wannan sana'a, a sauka lafiya babu labarin bayarwa.

Sai iska. Girman raƙuman ruwa ya danganta da ƙarfin iska da kuma nisan filin da ta samu ta yi gudu a kan ruwa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Shi ya sa tsakiyar Kainji, inda faɗin ya haura kilomita 20, ta fi ko'ina haɗari, alhali a lungunan da tudu ya kare ruwa na kwance a rana ɗaya, sa'a ɗaya. Matuƙi yakan zaɓi gaɓar da iska ke fitowa daga gare ta ya raɓe ta, ko da tafiyar za ta ƙara tsawo. Da hunturu iskar arewa maso gabas takan ƙarfafa ne in rana ta ɗaga, don haka mai hankali da asuba yake ƙetarewa. Da bazara da farkon damina kuwa hadari daga gabas yake tasowa, kuma iskar da ke gabansa ita ce mugunyar, tana isowa kafin ɗigon farko. Wanda ya ga gabas ta haɗe, ya ji iska ta ɗauke ɗif, ba ya tsayawa lissafin ko zai riga ta. Tunga mafi kusa yake nema. A kogi kuma, in iska ta yi gaba da gaba da gudun ruwa, raƙuman sukan zama gajeru masu tsaye, irin waɗanda ke faɗowa cikin jirgin da aka yi wa lodi har baki.

Dorina ma tana cikin lissafi, kuma mutanen Yawuri ba labarinta suke ji ba. Ana gane wurinta da sawunta a gaɓa, da turbar da take fita kiwo da dare, da 'yan kunnuwa da hancin da ke ɓullowa su nutse. Mai ɗa ita ce abar tsoro. Ka'idar ita ce kada ka shiga tsakaninta da zurfin da za ta gudu ta fake.

Wani abin mamaki shi ne, a can wata duniyar, masu wasa don nishaɗi sun isa ga kusan wannan ilimi ta wata ƙofa. A 1922 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Ralph Samuelson ya ɗaura faffaɗan katako biyu a ƙafa, ya riƙe igiya, jirgi mai inji ya ja shi a tafkin Pepin, inda kogin Misisipi ya buɗe a jihar Minnesota ta Amurka. Daga nan wasan zamiya a kan ruwa ya samo asali. Masu wannan wasa ba su da buri kamar ruwa mai kwanciya sumul, saboda haka su ma sammako suke yi kafin iska ta tashi, su ma lungun da tudu ko itatuwa suka kare suke nema. Suna gudun gaɓa mai bangon siminti ko dutse a tsaye, domin tana dawo da igiyar ruwan da jirgi ya tayar, suna son gaɓa mai gangare a hankali wadda ke shanye ta. Suna neman zurfin da mutum zai faɗi da gudu bai bugi ƙasa ba, kuma kafin a ja kowa sai an zaga wurin a hankali an duba kututture. A gasar kewaye alamomi shida, filin mita 259 ne, jirgi na gudun kilomita 58 a sa'a ga maza, igiyar kuma ana farawa da mita 18.25 ana rage ta zagaye bayan zagaye. A wannan gudu ana cin mita 16 a daƙiƙa ɗaya. Kututturen da aka hango a nisan mita 30 bai bar wa mutum ko daƙiƙa biyu ba.

Da neman irin wannan ruwa ya ishe su, sai masu hali suka koma haƙa tafkunan kansu: dogaye, matsattsu, tsawon kimanin mita 600, gaɓa a kwance, da ɗan tsibiri a kowane ƙarshe inda jirgi zai kewaya igiyar ruwansa ta mutu. Dabara ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma ma'anarta ita ce sun sayi ruwan da ba ya bukatar a san shi. Matuƙin Yawuri ba shi da wannan gata. Nasa ruwan yana sauya hali sau biyu a shekara, kuma abin da ya ɗauko mata ne da yara da shanu da babura.

Duk mai sha'awar kawo irin wannan wasa ko yawon shaƙatawa da ƙaramin jirgi a madatsunmu, Tiga ce ko Shiroro ko Kainji, to ya ƙara abu ɗaya a lissafinsa wanda Ba'amurke ba ya tunaninsa: tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga wasu ƙananan dodon koɗi da ke zaune a ruwa mai kwanciya, marar zurfi, mai ciyawa, ta shiga ta fata. Wato dai lungun nan mai lumana da ɗan wasa zai fi so shi ne ya fi zama abin tuhuma. Sannan ya nemi Sarkin Ruwan wurin kafin ya nemi mai sayar da fetur.

Tarihi ma ya nuna farashin rashin jagora a wannan ruwa. Baturen matafiyi Mungo Park ya gangaro Kwara a jirgi tun daga Sansanding a ƙasar Mali ta yau, tafiyar da ta haura kilomita 1,500. A Yawuri jagoransa kuma tafintansa, Amadi Fatuma, ya sauka. Ba a yi nisa ba jirgin ya maƙale a duwatsun Bussa a farkon 1806, aka yi arangama da mutanen gaɓa, Park ya halaka a ruwan. Waɗannan duwatsu yanzu suna ƙarƙashin tafkin.

Ba na cewa duk wanda ya riƙe hannun inji a yau gwani ne. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Irin wannan masifa kusan kullum dalilanta sanannu ne: lodin da ya wuce kima, tsohon katako, tafiyar dare, karo da kututture, rashin rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar, kuma daidai ne. Sanin ruwa ba ya sa katako ya ƙi ruɓewa, ba ya ƙara wa jirgi faɗi. Inji kuma ya kawo wata matsala da ba a cika faɗa ba. A zamanin gora da filafili, dole yaro ya taɓa ƙasan kogi da hannunsa dubban sau kafin a ba shi jirgi, tafiyar kuma a hankali take, ido na da lokacin koyo. Yau saurayi zai iya koyon tayar da inji da juya shi cikin mako guda, ya fara ɗaukar fasinja alhali ruwan bai san shi ba, shi ma bai san ruwan ba.

Makarantar wannan ilimi kuwa tana buɗewa ne a lokacin da tafki ya ja, wajen Yuni da Yuli. A sannan kututture ke fito da kai, tudun yashi ya bayyana, bakin tsofaffin ƙoramu ya nuna kansa. Dattijon da ya san abin da yake yi a wannan lokaci yake zagawa da yaransa a kwalekwale, yana nuna musu kowane gindi da abin da za a yi saitinsa da shi a gaɓa, domin in ruwa ya dawo ya rufe su san inda suke. Duk hukumar da ke son sare kututture ko kafa alamomi masu yawo a kan hanyoyin kasuwa, a waɗannan watanni ya kamata ta zo, ta ɗauki irin waɗannan dattawa a jirginta da na'urar auna wuri, ta biya su kuɗin masana, tun suna da ƙarfin zama a jirgi yini guda.